Pillars da Hoopers: Wa Zai Riƙe Kwandon Gobe?

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa ɗan cikin ganuwar Zazzau da ƙwallon kwando. To a yi haƙuri a karanta tukuna.

Musu ne ya jawo rubutun. Ranar Juma'ar da ta wuce muna zaune a majalisarmu ta kusa da Ƙofar Doka, wani abokina ya ce ai a ƙwallon kwando har gobe babu kamar Kano Pillars a Najeriya. Wani ƙaninmu da ke karatu a Samaru ya yi dariya, ya ce, "Yaya, wannan labarin tun na zamanin da ne, yanzu Rivers Hoopers ake yi." Aka yi ta ja har aka kira magariba. Da na koma gida sai na ga kowannensu yana da gaskiya, lokacin da suke magana a kai ne ya bambanta.

Bari mu fara da lissafi. Kano Pillars ta ɗauki kofin babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙasa sau bakwai: 2008, 2009, 2010, sai 2013 da 2014, sai kuma 2016 da 2017. A waɗannan shekaru an raba gasar gida biyu, rukunin Savannah na ƙungiyoyin Arewa irin su Kada Stars ta Kaduna da Plateau Peaks da Gombe Bulls da Niger Potters, da rukunin Atlantic na Kudu. Duk wanda ya shiga ɗakin wasa na Ƙofar Mata a Kano a lokacin ya san me ake nufi da "Sai Masu Gida". Koci Sani Ahmed ya gina ƙungiya mai tsaron gida kamar ganuwa, kuma a 2016 suka je birnin Alƙahira gasar zakarun kulob-kulob na Afirka suka dawo da matsayi na uku, a shekarar da Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofin.

Ita kuwa ta Fatakwal, da sunan Royal Hoopers aka fara saninta. Ita ce ta katse wa Pillars hanzari a 2011 da 2012. Daga nan ta yi shiru na wasu shekaru, har aka soma mantawa da ita. Sai ga ta da sabon suna ta ɗauki kofi a 2019, ta sake a 2021, da 2023, da 2024. Zuwa ƙarshen 2024 ke nan bakwai da shida. A takarda kamar kunnen doki, amma ku dubi shekarun da kyau. Kofin Pillars na ƙarshe na 2017 ne, huɗu daga cikin shidan Hoopers kuwa duk bayan nan suka zo.

Me ya faru a 2017? A nan ne tarihin ya karye gida biyu. A watan Yuni na shekarar aka yi zaɓen shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, har sau biyu cikin kwana biyu. Aka zaɓi Tijjani Umar a Kano ran 12 ga wata, washegari aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Kowa ya ce shi ne shugaba. Hukumar duniya, FIBA, ta ci gaba da hulɗa da ɓangaren Kida a harkar ƙungiyoyin ƙasa, gasar cikin gida kuma ta shiga rububi da shari'a, masu ɗaukar nauyi suka janye jiki. A Janairun 2022 aka maimaita irin wannan, zaɓe ɗaya a Benin ɗaya a Abuja, har gwamnatin tarayya ta sanar a watan Mayu cewa ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ta janye maganar bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama: 'yan matanmu na D'Tigress sun rasa gurbinsu na gasar kofin duniya ta wannan shekarar, aka ba Mali.

Wannan rikici bai cuci ƙungiyoyin biyu daidai ba, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Ƙarfin Pillars a doguwar kaka yake: wasan gida da na waje, wata da watanni, 'yan kallo cike da ɗaki, 'yan wasan da suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan uwansa. Da gasar ta koma 'yan kwanaki da ake tara ƙungiyoyi a gari ɗaya a buga a watse, wannan fifiko ya narke. Ɗan wasan da ba shi da tabbacin za a yi kaka a bana, ina dalilin zamansa?

Hoopers kuwa ta dace da buɗewar wata sabuwar ƙofa. NBA ta Amurka da FIBA sun haɗu sun kafa gasar BAL ta Afirka, aka buga kakar farko a Kigali ta Ruwanda a 2021, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da zakaransu ke shiga kai tsaye. Hoopers ce ta fara wakiltarmu. Ba ta yi abin kirki a karon farko ba, an fitar da ita tun a rukuni. A 2023 Kwara Falcons ce ta je. Amma a 2024 Hoopers ta koma da shiri, ta ɗauko 'yan wasa daga waje irin su Ba'amurke Will Perry, ta zo ta ɗaya a rukuninta a Dakar, ta ƙare gasar a matsayi na uku, aka kuma zaɓi kocinta Ogoh Odaudu gwarzon koci na shekara. Ku lura da yadda abin ke juyawa: wanda ya ci kofin gida shi ke zuwa BAL, wanda ya je BAL shi duniya ke gani a talabijin, shi ƙwararrun 'yan wasa ke so su buga wa, da su kuma zai dawo ya sake cin kofin gida. Pillars ta yi mulkinta ne kafin a gina wannan tsani. Da a ce an fara BAL a 2009, da wani labarin muke yi yau.

Don haka idan aka tambaye ni shekara uku ko huɗu masu zuwa, ba zan ɓoye ba, Hoopers ce a gaba, duk da cewa zuciyata na Ƙofar Mata. Sai dai akwai rauni ɗaya da suka yi tarayya a kai: dukansu a aljihun gwamnatin jiha suke. Ranar da aka sami gwamnan da wasan bai dame shi ba, ko siyasar jihar ta rikice, ƙungiya na iya wayar gari babu kuɗin mota. Ɗan wasan haya kuma na kaka ɗaya ne, gobe yana Luwanda ko Tunis.

Yanzu bari in dawo gida, don a nan nake ganin Pillars ke da abin da kuɗi ba ya saya da wuri. Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru tafiyar 'yan mintuna ce a mota, amma da yawa daga cikinmu 'yan birni ba mu san abin da filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello ya haifar ba. Wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, ya zauna a Zariya shekaru masu yawa yana koyar da yara wannan wasa. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 ya tashi a Zariya. Shi ne ya kafa Giants of Africa a 2003 don horar da matasa, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Yaron Zariya! Ni kaina sai da na gama difloma na san wannan, kuma a rubutun Turanci na gani, ban taɓa cin karo da shi a littafin Hausa ba. Wannan laifinmu ne mu masu alƙalami, ba na kowa ba.

Abin da nake nufi, Arewa ta taɓa samun gonar da take noma 'yan wasanta da kanta: Samaru, Kaduna, Jos, Kano. Zariya zuwa Kano bai kai tafiyar awa uku ba. Ƙungiyar da ta ɗauki makarantun sakandare na wannan yanki da muhimmanci, ta sa ido kan dogayen yaran da ke yawo a Tudun Wada da Sabon Gari da Fagge, ta ba su takalmi da koci da abinci, ba za ta rasa 'yan wasa ba ko da ba ta da dalar hayar Ba'amurke. Kuma dokar BAL kanta ta taƙaita yawan baƙin da ƙungiya za ta ɗauka. Wanda ya fi 'yan gida nagari yana da rabin nasara tun kafin a tashi jirgi.

Tambayar ita ce ko Pillars za ta yi wannan haƙurin, don aiki ne na shekara biyar zuwa goma, ba na kakar zaɓe ɗaya ba. In ta yi, tana iya dawowa. In ta zauna tana ƙirga kofuna bakwai, Hoopers za ta kamo ta ta wuce, wasu sababbin ƙungiyoyi ma su biyo baya.

A cikin ganuwa dai, a unguwarmu, yara ƙwallon ƙafa suke bugawa a kowane lungu, ban san kwando ko ɗaya da aka kafa ba. Ƙanin nan namu na Samaru ya yi alkawarin kai ni filin jami'a ranar Asabar da yamma in ga masu atisaye, na kuma ce zan tafi da littafi da biro, ko zan dace da wani dattijo da ya yi zamani da Koci OBJ.