Daga Kara Zuwa Salula: Wa Ke Lamunin Ragon Hoto?

Duk shekara in Babbar Salla ta matso, salulolinmu sai su cika da raguna. Ka buɗe WhatsApp, rago. Ka leƙa Facebook, rago: an wanke shi tas, an tsayar da shi jikin bango mai fenti, an rubuta "Balami, Maraɗi" da lambar waya a ƙasa. Cikin abokanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo akwai masu biyan hayar ɗaki da wannan talla. Da yawa daga cikinmu na ganin cewa an kashe bakin dillali ke nan, har wasu na murna. Ni ina ganin gara mu fara tambayar abin da dillali yake sayarwa tun asali, kafin mu yi masa jana'iza.

Garuruwanmu ƴaƴan yaƙi ne. Bayan jihadi ya kori sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari ake tsakanin ɓangarorin biyu, yau a kai, gobe a rama, kuma dabbobi na cikin abin da ake korowa. Saboda haka tambayar "wannan sa na wane ne, ina aka samo shi?" ta girmi kakanninmu. Duk kasuwar da ake kawo dabba daga nesa tana bukatar mutumin gari da zai dafa ƙirji ya ce ya san mai ita.

Hajarmu ta daɗe tana tafiya nesa. Fatar jar akuyar Maraɗi, tare da ta ƴar uwarta ta Sakkwato, tana bi ta Kano, ta ƙetare Sahara bisa raƙuma, ta isa Turai inda ake kiran ta fatar Maroko, sunan ƙasar da ba ta kiwata akuyar ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta juya kudu. Gyaɗa ta bi, ita ce ta fara yi wa Alhazan Maraɗi arziki, shanu ma suka bi, a ƙasa ko cikin jirgi, zuwa Ibadan da Legas.

A Ibadan ɗin ne wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan unguwar Sabo, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya gano ya dace da maganarmu. Falke ya taho da shanu daga arewa, bai san kowa ba. Mahautan Yarbawa kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar. Ciniki duk bashi ne. To wa zai yarda ya bar dukiyarsa hannun wanda ko yarensa ba ya ji? Maigida ne ke sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, dillalansa su nemo mai saye, in mahauci ya ci bashi shi maigidan ne zai biya. Babu takarda, babu banki. Sunan mutum shi ne jingina, ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari ya kai arewa, gidansa ya mutu.

Wannan tsarin ne muke gani a kararmu, ko da an rage masa tsawo. Kawuna dillali ne a Tsibiri, kuma na sha raka shi. Bafillace ya kawo sa, ba ya magana da mai saye, sai ya miƙa wa dillalinsa igiya, wanda galibi shi ne dillalin ubansa. Mai saye ya zo ya buɗe baki ya ƙirga haƙora don ya san shekaru, ya matsa gadon baya da ƙirji ya ji nama, ya sa a ja dabbar ya ga tafiyarta. Ya taya, a ce albarka. Ya ƙara, a ce albarka. Sai an kai inda mai dabba ya ce ya sallama, a biya, a cire la'ada, a yanki tike. In bayan kwana uku wani ya zo ya ce san nan nasa ne da aka sace, ba mai saye za a kama ba, dillali ne zai nemo wanda ya kawo. La'adar nan da muke jin haushi, kuɗin wannan lamunin ne.

Amma kada a mai da dillalai waliyyai. Kowa ya san ɗan baranda da zai saye akuyar tsohuwa a bakin kasuwa ya sayar da ita taku ashirin gaba da riba mai tsoka. Kowa ya san dillalin da zai sallamar a jikka tamanin ya dawo ya ce saba'in aka ba shi. Ƙarfinsu duka a wuri ɗaya yake: su sun san farashi, mai dabba bai sani ba. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, makiyaya sun zubar da shanu a kuɗin da bai kai buhun hatsi ba, kuma masu tsabar kuɗi da labarin kasuwa ne suka kwashe. Haka a watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, ƴan kasuwar da ke kai dabbobi Najeriya sun fahimci lissafin tun kafin labarin ya isa ruga.

Wannan katangar ta jahilcin farashi ce aka fara rushewa. Hukumar SIM Bétail ta riƙa tattara farashin kasuwannin dabbobi ana faɗa a rediyo. Sai salula ta shigo Nijar a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsinmu daga 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Bincikenta kan hatsi ne, kuma a nan gizo ke saƙa. Tiya ɗaya ta gero a Dakoro ita ce tiya ɗaya a Maraɗi. Rago kuwa babu biyu iri ɗaya. Waya tana iya gaya maka nawa Uda ke yi yau a Yamai, ba ta iya gaya maka ko wannan Udan yana tari da dare.

Duk da haka na ga amfanin talla ta intanet da idona. Gwaggona a Jiratawa, inda noman rani ya zauna tun da aka yi gonakin ban ruwa a farkon shekarun 1980, tana turke raguna biyu duk shekara, tana ba su harawa da dusa da ganyen lambu. Ita ba ta shiga kara, kamar yawancin matan aure. Shekara da shekaru sai dai ta ba da igiya a dawo mata da abin da aka ga dama. Yanzu ɗanta ke ɗaukar bidiyo ya tura rukunoni uku ko huɗu, mutane su taya ta saƙon murya, ita kuma tana zaune bisa tabarma tana ji da kunnenta. Ko ba ta sayar ta waya ba, ta san abin da aka taya, dillali ba ya iya rage mata. Ga mata masu kiwon turke, da masu jar akuya a ƙauyukan Madarunfa, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne.

Sai dai abin da waya ta cire daga ciniki ya haɗa har da mai lamuni. Mahaifin wani ɗan ajinmu ya ga rago a Facebook, aka ce ya tura rabin kuɗi a sa masa a mota. Ya tura. Lambar ta mutu a ranar, daga baya aka ga hoton ragon nan a wani shafi ana tallarsa daga wata ƙasa. Akwai kuma dabarar durƙusawa a ɗauki hoto daga ƙasa, ɗan tunkiya ya koma kamar maraƙi. Abin mamaki, malamanmu na zaure sun daɗe da karanta hukuncin wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid, da aka rubuta a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ta hana a shardanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa, sai in wurin kusa ne ko abin ba ya canzawa, kamar gida ko gona. Dabba kuwa tana rama, tana gurguncewa, tana mutuwa a hanya. Kuma littafin ya ce mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwa, da ramammiya ba su yin layya. Hoton gefe guda yana ɓoye duka huɗun.

Abin da ya fi damuna shi ne sata. Shekarun nan ƴan bindiga na kore garkuna a yankunan Madarunfa da Gidan Runji, dabbobin kuma dole su ɓulla a wata kasuwa. A kara, baƙon da ba shi da dillali ana kallon sa, ana duba shaidar da ke jikin dabba, ana tambaya. A waya babu mai tambaya. Ɗalibin da ya karɓi hoto daga wanda bai sani ba ya tura wa duniya don ya samu jikka biyar, ya zama dillali ba tare da ya san nauyin da ya ɗauka ba, kuma lambarsa ce jandarma za su fara kira.

Siyasar iyaka ma ta tura mutane cikin waya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanyar Ɗan Isa da Jibiya har cikin 2024. A Mayun 2025 kuma gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje gabanin layya. Kowane karo, mai rago a Maraɗi sai ya nemi sabon mai saye a Yamai ko Agadas, inda ba shi da maigida.

Na tambayi kawuna ko yana tsoron sana'arsa ta mutu. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, mi kaka hwaɗi? In rago ya mutu bisa hanya, wa za a kama, hoto?" Sai ya ciro tasa wayar, babba ma ta fi tawa. Alhazan Yamai da ya saba da su na aiko masa da tallar da suka gani, shi ya hau kabu-kabu ya tafi gidan, ya buɗe bakin ragon, ya tambayi maƙwabta tun yaushe yake turke, sannan ya ce a turo kuɗi ta Nita ko Al Izza da sunansa shi. Ya sa a mota, ya aika lambar direba. La'adarsa na nan, har ya ɗora kuɗin mai. Wanda bai samu nasa ba shi ne mai yankan tike na magajin gari, don ragon bai taka kasuwa ba.