Daga Earlswood zuwa ɗigon jini: tarihin binciken larurar Down tun yaro yana ciki

Gabatarwa

Wata rana a filin lakwal, lokacin hutun ƙarfe goma, na ji wani ɗalibi ya jefi abokinsa da kalmar "mongol" domin ya kasa ba da amsa a aji. Yaron bai san cewa kalmar ta yi tafiyar shekara kusan 160 kafin ta iso bakinsa ba, bai kuma san cewa daga takardun likitoci ta fito ba. Tarihinta yana haɗe da tarihin wani bincike da ake yi wa mata masu juna biyu a ƙasashe da dama, domin a gane ko ɗan tayi yana ɗauke da larurar Down, wadda Faransawa ke kira tirizomi 21. Ya kamata malamai su san wannan tarihi, saboda yana nuna yadda ilimi ya yi saurin koyon gani, ya yi nawar koyon abin da zai faɗa wa iyaye.

Zamanin kallon fuska

A shekara ta 1846 wani Bafaranshe, Édouard Séguin, malamin yara masu raunin fahimta, ya bayyana kamannin waɗannan yara a littafinsa, ya kuma dage cewa suna iya koyo in an bi da su sannu a hankali. Shekara 20 bayan haka, a 1866, likita John Langdon Down, shugaban gidan kula da nakasassu na Earlswood a Ingila, ya ware su a matsayin rukuni guda. Mutum ne mai tausayi, wanda ya gyara abincin gidan, ya sa aka koya wa mazaunansa sana'o'i. Amma ɗan zamaninsa ne: ya kasa majinyatansa bisa launin fata da ƙabilu, ya ga siffar idanun waɗannan yara, sai ya danganta su da mutanen Mongoliya. Sunan ya manne har ƙarni guda. Sai a 1961 masana 19 suka rubuta wa mujallar The Lancet suna neman a bar shi, sa'annan a 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke shi, bayan ƙasar Mongoliya ta kai ƙorafi.

A tsawon wannan lokaci babu wanda ya san musabbabin larurar. An zargi giya, an zargi tarin fuka, an zargi gajiyar mahaifa. A 1933 Lionel Penrose ya nuna da lissafi cewa shekarun uwa ne ke ƙara yiwuwarta. Ƙididdigar da ake amfani da ita har yanzu tana cewa: wajen haihuwa 1 cikin 1500 ga mace mai shekara 20, 1 cikin 350 ga mai 35, 1 cikin 100 ga mai 40.

Zamanin ƙirga

Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da wasu zarurruka da ake kira kuromozom, waɗanda a cikinsu gadon iyaye yake rubuce. An daɗe ana koyar da cewa 48 ne, har 1956 da Tjio da Levan suka ƙirga daidai a birnin Lund na Suwidin: 46 ne, wato tagwaye 23. A watan Janairu na 1959, a asibitin Trousseau na Paris, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka sanar cewa masu wannan larura suna da 47. Daga baya aka tabbatar cewa ƙarin yana kan tagwaye na 21, inda ake samun uku maimakon biyu.

Wannan nasara tana da nata tabo. Gautier ce ta koyo dabarar raya ƙwayoyin halitta a Boston, ita ce kuma ta kafa ɗakin binciken da ƴan kayan da ta haɗa da kanta. Amma sunanta ya zo na biyu a takardar, har da kuskuren rubutu, kuma yabo ya tafi ga Lejeune. Sai a 2014 kwamitin ɗa'a na cibiyar Inserm ya jaddada girman rawar da ta taka. Ta rasu a 2022.

Da aka san abin da za a ƙirga, sai tambaya ta zama: ana iya ƙirga shi kafin haihuwa? A 1966 Steele da Breg a Amurka suka raya ƙwayoyin tayi da ke yawo cikin ruwan faya, a 1968 kuma aka gano larurar karo na farko tun yaro yana ciki. Hanyar ita ce a soka siririyar allura ta fatar ciki a zuƙo ruwan, wajen mako na 16. Amsarta tabbatacciya ce, sai dai tana iya jawo ɓari. Wani bincike da aka yi a Danmak a 1986 ya ƙiyasta haɗarin da kashi 1 cikin 100, ko da yake a yau ya ragu sosai. Don haka aka keɓe ta ga matan da suka kai shekara 35. Wannan iyaka ta bar mafi yawan cikunan a waje, domin ƙananan mata su ne suka fi yawan haihuwa, kuma su ne ke haifar mafi yawan waɗannan yara.

Zamanin bin sawu

Daga nan aka shiga neman alamun da ba su buƙatar soka allura a mahaifa. A 1984 Merkatz ya lura cewa wani sinadari yana raguwa a jinin uwar da ke ɗauke da irin wannan ciki. A 1988 Nicholas Wald a Landan ya haɗa sinadarai uku da shekarun uwa, ya gano wajen kashi 60 cikin 100. A 1992 Kypros Nicolaides ya nuna cewa da na'urar ekografi ana iya auna ɗan ruwan da ke taruwa a ƙeyar tayi tsakanin mako na 11 da na 14. A 1997 Dennis Lo ya gano cewa ɓurɓushin gadon tayi yana yawo a jinin uwa, kuma daga 2011 aka fara sayar da gwajin da ya dogara da haka. Ana yin sa tun mako na 10, yana kuma gano wajen kashi 99 cikin 100.

A nan malamin harshe yana da abin cewa. Faransanci ya bambanta dépistage da diagnostic. Kalma ta farko daga piste take, wato sawu: maharbi ya ga sawu a rairayi, bai riga ya ga naman ba. Gwajin jini da ekografi bin sawu ne, amsarsu kintace ce. Allura kaɗai ke tabbatarwa, ko ta ruwan faya ko ta ɗan yankin mabiyiya. In aka ce wa mace "1 cikin 200", ma'anarsa mata 199 cikin irinta 200 ba za su haifi yaro mai larurar ba. Idan mai fassara ya mayar da wannan "an ga ciwo", ya ɗora wa iyali watanni na fargaba a banza. Hausa tana da kalmomin da suka isa: kintace daban, tabbaci daban.

Abin da aka yi da sanin

Ƙarin kuromozom ba shi da magani, saboda haka sanin ya buɗe ƙofa biyu: shiri, ko zubar da ciki. Gwajin ya zo daidai da sauyin dokoki, a Birtaniya a 1967, a Faransa a 1975. Lejeune kansa ya ƙare rayuwarsa, har rasuwarsa a 1994, yana yaƙi da amfani da bincikensa ta hanya ta biyu, abin da ya raba shi da abokan aiki da yawa. Danmak ta buɗe gwajin ga kowace mai ciki a 2004, kuma cikin ƴan shekaru yawan jariran da ake haifa da larurar ya ragu da kusan rabi. Masu goyon baya suna cewa haƙƙin iyaye ne su sani su zaɓa. Ƙungiyoyin nakasassu suna tambaya ko zaɓi ne na gaskiya, in likita ya lissafa cututtuka kaɗai bai faɗi komai game da rayuwar yaron ba.

Ita kuwa rayuwar ta sauya ƙwarai. A 1949 Penrose ya ƙiyasta matsakaicin tsawon ran waɗannan yara da shekara 12. A ƙasashe masu arziki yau ya kai wajen 60. Abin da ya kawo haka shi ne maganin cututtukan ƙirji, da aikin tiyatar zuciya, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu, da fito da su daga gidajen killacewa zuwa cikin iyali da makaranta. Wato maganar Séguin ce ta tabbata bayan ƙarni guda.

Kammalawa

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ekografi ya zama abin da mata suka saba da shi, kuma mata da yawa a ƙasarmu suna haihuwa har bayan shekara 40. Tambayoyin da Turai ta yi fama da su za su iso mu, su tarar da namu tsofaffin zarge-zarge, inda akan kira yaro mai wata siffa ɗan ruwa, ko a ɗora wa uwa laifin abin da ya faru tun ranar da ciki ya shiga, ba da saninta ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, kuma tun 2012 duniya ke tunawa da masu wannan larura ranar 21 ga Maris. Aikin da ya rage namu ne, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: mu samar da kalmomin Hausa da ungozoma za ta yi bayani da su ba tare da firgitarwa ba, mu buɗe wa yaron ƙofar aji, mu kuma kira ɗalibin da ya yi zagin nan mu ba shi labarin kalmar da ya furta.