Jims, Tsohuwar Motar Alhazai, da Masu Farfaɗo da Ita a Makka

A wasu gidajen Makka, idan aka ɗaga ƙofar gareji, akan tarar da wata doguwar mota mai faɗin ƙirji a ɗore bisa ƙarafa, an kwance mata tayoyi, kujerunta suna jingine da bango, mai gida kuwa yana ƙarƙashinta da sifana a hannu. Mutanen Sa'udiyya suna kiranta Jims, watau yadda harshensu ya sarrafa haruffan GMC. Ita da 'yar'uwarta Chevrolet Suburban uwa ɗaya uba ɗaya suke, kamfanin General Motors na Amurka ne ya ƙera su, irin motar nan ce mai dogon baya da ake ce wa wagon. Duk wanda ya sauke farali tsakanin 1975 da 1990 ya san ta ko da bai riƙe sunanta ba. Mutum tara take ɗauka bisa ƙa'ida, amma ranar hawan Arfa sai a ga wasu tarar zaune a kan rufinta cikin harami, kowa ya riƙe ƙarfen kaya da hannu biyu.

Kafin a gane abin da mai gyaran nan yake ƙoƙarin cetowa, sai an koma zamanin da babu mota. Daga Jidda zuwa Makka tafiyar kamar mil 45 ce, kuma a kan raƙumi kwana biyu ake yi, a ya da zango a Bahra. Masu hali sukan hau shuƙduf, wani irin gado mai rumfa da ake rataya biyu-biyu a gefen raƙumi, talakawa kuwa, cikinsu har da ɗimbin Hausawa da suka ratso Barno da Wadai da Sudan, ƙafa ce motarsu. Daga Makka zuwa Madina akan yi kwana goma ko fiye. Wannan sufuri shi ne abincin Larabawan ƙauye, musamman ƙabilar Harb, kuma ba su yi wasa da shi ba. Jirgin ƙasan da Turkawa suka shimfiɗo daga Dimashƙa ya iso Madina cikin 1908, amma bai taɓa ƙarasawa Makka ba, kuma adawar masu raƙuma tana cikin dalilan da suka tsayar da shi.

Abin da jirgin ƙasa ya kasa, mota ce ta yi shi. Sojojin Sarki Abdul'aziz sun shiga Makka cikin 1924, Jidda ta miƙa wuya a ƙarshen 1925, daga nan kuma aka fara barin motoci su yi jigilar alhazai. Wani Baturen Ingila, Philby, wanda ya musulunta cikin 1930, ya zauna Jidda yana dillancin motocin Ford. Sai dai kasuwar ta zo da gardama, domin karyewar tattalin arzikin duniya ya sa cikin 1933 alhazan da suka zo daga ƙetare ba su wuce kamar 20,000 ba. Hanya kuma rairayi ce da duwatsu, mota takan kafe, fasinjoji su sauko su tura. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai al'amari ya sake. Cikin shekarar Hijira ta 1372, watau wajen 1953, aka kafa babbar ƙungiyar masu motoci wadda aka danƙa wa tsara jigilar alhazai. A can ƙasar Hausa ma haka abin ya tafi: cikin 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar kai maniyyata da manyan motoci ta Maiduguri da Chadi zuwa Sudan.

Akwai wani abu game da Makka wanda ya bambanta ta da sauran birane a sha'anin mota. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga cikinta, saboda haka injiniyan da kamfani ya turo daga Amurka ko Ingila iyakarsa Jidda. Motar da ta lalace a Mina ko a Misfala, mutanen wurin ne za su tashe ta, da abin da ke hannunsu. Kuma gyaran ba ya jira. Tsayuwar Arfa ranar 9 ga Zulhajji take, wanda alfijir na ranar 10 ya keto bai isa filin ba, hajjinsa na wannan shekara ya kuɓuce. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tara guzuri, lagireto mai yoyo yana iya raba shi da abin da ya zo nema a tafiyar da ba ta fi mil 12 ba. Wannan ne ya sa direbobin Makka suka fi son mota mai sauƙin inji, wadda makaniki zai gane ciwonta da kunne.

Jims ta cika wannan sharaɗi. Sunan Suburban ya fito tun 1935, amma samfurin da ya cika hanyoyin Hijaz shi ne wanda aka yi ta ƙerawa daga 1973 zuwa 1991, mai inji silinda takwas, galibi mai lita 5.7. Ya kuwa zo daidai lokacin da taron hajji ya tumbatsa. Alhazan Nijeriya kaɗai sun haura 100,000 cikin 1977, na ƙasashen waje gaba ɗaya kuma sun wuce miliyan ɗaya cikin 1983. Cunkoso ya kai inda hukuma ta hana motar da ba ta ɗaukar mutum tara shiga wuraren ibada a kwanakin hajji, dokar da ta zama kamar don Jims aka yi ta. Matsayinta a can ya yi kama da na Peugeot 504 mai dogon baya, Fijon da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, a tashoshin Kano da Zariya da Maraɗi.

Dokar da ta ɗaga ta kuwa ita ce ta kayar da ita, domin daga baya an mai da iyakar ta koma mutum 25. Cikin 2010 aka buɗe jirgin da ke haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa, cikin 2018 kuma jirgi mai gudun gaske ya haɗa Makka da Madina, shekara 110 bayan da na Turkawa ya isa Madina. A farkon wannan shekara ta 2018 farashin litar man fetur mai araha ya tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.37, mota mai shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya ta zama kaya. Da yawa suka ƙare a filayen da ake kwance motoci, waɗanda Larabawa ke kira tashlih.

Daga irin waɗannan filaye, ko daga bayan gidan mahaifi, masu sha'awa suke janyo su. Busasshiyar iskar Makka takan yi wa ƙarfe rangwame, ba kamar Jidda ba inda raɓar teku ke cinye bodi da tsatsa. Amma abin da tsatsa ta bari rana ta gama da shi: roba ta farfashe, wayoyi sun bushe suna karyewa kamar kara, fenti ya koɗe. Injin ne ma ya fi sauƙi, don an ƙera irinsa miliyoyi, kayansa ba su yi wuya ba. Abin da ke cin watanni shi ne gilashin baya, da ƙarfen ado, da yadin kujera irin na asali.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da ya kamata a yi magana a kansa. Yawancin masu gyara burinsu motar ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta, suna duban hotunan tallar Amurka suna kwaikwayo. To, amma motar da ta yi aikin hajji ba haka take ba. Sau da yawa akan tarar an ƙara mata ganyen sifirin a baya saboda nauyi, an ɗaura mata ƙarfen kaya mai kauri a sama, an yi waldar tsani a ƙofar baya, rufin ya lotsa daidai inda mutane suka zauna shekara da shekaru. Suburban mai ƙyalli akwai ta birjik a Amurka. Wadda rufinta ya lotsa da zaman alhazai kuwa, a Hijaz kaɗai za a same ta, kuma mai gyaran bodi da guduma yana iya shafe wannan shaida cikin yini guda. Shuƙduf ma da raƙuma suka daina aiki ba wanda ya ga dalilin adana shi, ga shi yanzu sai a tsofaffin hotuna da ɗakunan ajiye kayan tarihi ake ganinsa.

Akwai masu gyaran da suka fahimci haka. Sukan sabunta inji da birki da wayoyi yadda motar za ta wuce binciken lafiyar mota na hukuma, su wanke bodi su shafa masa abin da zai tsayar da tsatsa, amma su bar tsanin a inda maƙerin Makka ya liƙa shi. Irin wannan motar ba kasafai take cin kyauta a wajen baje kolin tsofaffin motoci ba. Sai dai idan aka fito da ita da maraice aka ajiye a ƙofar gida, dattawan unguwa sukan tsaya su dafa ƙarfen kayan, su fara lissafin shekarar da suka hau irinta zuwa Arfa.