Komawa Gida ko Zama a Killace: Darasin Greensboro da Ƙasar Hausa, 1899–2020

Tsakure

Maƙalar ta dubi tambayar da kan taso duk lokacin da annobar numfashi ta kutsa makaranta: a sallami waɗanda suka cuɗanya da mai cutar su koma gida, ko a tsare su inda suke? An bibiyi amsar da wata kwaleji a birnin Greensboro na Amurka ta bayar a 1899 da 1918, aka kwatanta da shigar marisuwa ƙasar Hausa a 1918 da kuma jigilar almajirai a 2020. An gano cewa tsare mutane a wuri guda yakan kare sauran jama'a, muddin an ɗauki nauyin ci da jinyar waɗanda aka tsare.

1.0 Gabatarwa

Greensboro birni ne a Jihar Karolina ta Arewa, kuma a yau yana cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka fi yawa. Tarihin annoba a birnin ya shafi mai nazarin Hausa ta wata fuskar kuma, domin a can aka gwada hanyoyi biyu na tunkarar matsalar da Kano ta fuskanta a 2020.

A wannan maƙala, keɓewa na nufin raba wanda ciwo ya bayyana a jikinsa da masu lafiya. Killacewa kuwa tsare wanda ya cuɗanya da mai ciwo ne, alhali shi bai ji komai ba tukuna. Killacewa ta fi wuyar karɓuwa, domin ana neman mutum mai jin ƙarfi ya bar sana'arsa da iyalinsa saboda wasu. Dalilinta na cikin ɗabi'ar ƙwayar cutar: mura mai tsanani kan ɗauki kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, korona kuwa kwana 2 zuwa 14, kuma a dukkansu mutum na iya yaɗa cutar kafin ya fara tari ko zazzaɓi.

2.0 Kwaleji Ɗaya, Annoba Biyu

A 1892 aka buɗe kwalejin jiha ta horar da malamai mata a Greensboro, wadda a yau ta zama Jami'ar Karolina ta Arewa reshen Greensboro. A ƙarshen 1899, zamanin shugabancin Charles McIver, zazzaɓin taifod ya ɓarke a cikinta, ya kashe ɗalibai 13 da ma'aikaciyar ɗakin kwana guda. Aka rufe makarantar, ɗalibai suka tafi gida, ba a dawo ba sai a Janairun 1900. Matakin ya dace da ciwon, domin asalinsa gurɓataccen ruwan rijiya ne. Nisantar rijiyar nisantar cutar ne.

Bayan shekara 19 sai ga annoba mai wata ɗabi'ar daban. Murar 1918 ta shigo jihar ta tashar jiragen ruwa ta Wilmington a watan Satumba, ta bi layin dogo zuwa cikin ƙasa. Kafin ta lafa ta kashe mutum fiye da 13,000 a jihar, ciki har da Edward Kidder Graham, shugaban jami'ar Chapel Hill, wanda ya rasu ranar 26 ga Oktoba. A Greensboro, mai mutum kusan 20,000 a lokacin, tsoron ya bar alama har a kasuwa: cinikin man shafawa na Vicks, wanda mai haɗa magunguna na garin Lunsford Richardson ya ƙirƙira, ya tashi daga dala 900,000 zuwa miliyan 2.9 cikin shekara guda.

Shugaban kwalejin na wannan lokaci, Julius Foust, ya fuskanci zaɓin da McIver ya fuskanta, ga shi likitar makarantar, Anna Gove, tana Faransa wajen aikin agaji na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Foust bai sallami ɗalibai ba. Ya killace harabar makarantar, aka hana shiga da fita, aka ware masu ciwo ana jinyarsu a ciki. Ɗalibai da dama sun kamu, amma ba a rasa ko ɗaya ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da bai faru ba. 'Yan matan sun fito ne daga gundumomin jihar daban-daban. Da an zuba su a jiragen ƙasa, da kowacce ta iya zama silar shigar cutar garinsu. A wannan karon cutar tana cikin numfashin ɗaliban, don haka duk inda suka je tare za su tafi.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar wannan nasara. Kwalejin ta 'ya'yan fararen fata ce kaɗai, tana da ɗakunan kwana da ɗakin girki da ɗakin jinya. Baƙar fatar birnin ba su samu asibiti irin L. Richardson Memorial ba sai a 1927. Mai aikin wanki ko dako da ke cin abin da ya samo a ranar ba shi da hanyar rufe ƙofa ya zauna mako biyu.

3.0 Marisuwa a Kan Layin Dogo

A wannan watan na Satumba da cutar ta sauka Wilmington, jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas ranar 14 ga wata ɗauke da masu ciwo. Fasinjoji suka watsu cikin gari, jama'a kuma suka riƙa gudu zuwa garuruwansu na asali. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya taƙaita tafiyar da fatake ke yi cikin makonni zuwa 'yan kwanaki, wato daidai tsawon lokacin da mura ke ɓoye a jiki. Cikin Oktoba annobar ta kai Zariya da Kano. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya, daga cikin kimanin miliyan 18. Hausawa sun kira ta marisuwa, har tsofaffi suka riƙa ƙidaya shekarun haihuwa da ita.

Masu gudun sun yi abin da zuciya ke umurtar kowa, wato neman gida idan mutuwa ta matso. An gudu ba a tsira ba, an kuma kai wa na gida. Alhali malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin hukuncin annoba: hadisin da Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da Sayyidina Umar lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudunta. Rabin farko kariya ce ga matafiyi. Rabi na biyu kariya ce ga mutanen da bai ma sani ba.

4.0 Tambayar ta Dawo a 2020

Ranar 12 ga Maris 2020 aka soke gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i da ake tsakiyar bugawa a Greensboro, kuma kafin watan ya ƙare Gwamna Roy Cooper ya kafa dokar zaman gida a jihar. Jami'o'i, har da magajiyar kwalejin Foust, sun sallami yawancin ɗalibansu. Da aka koma karatu a watan Agusta cutar ta ɓarke a ɗakunan kwana na Chapel Hill, sai Dakta Anthony Fauci ya yi gargaɗin kada a tura ɗaliban da suka kamu gida. Shawarar Foust ce ta dawo bayan shekara 102.

A Kano an tabbatar da mutum na farko mai korona ranar 11 ga Afrilu, Gwamnatin Tarayya kuma ta sa wa jihar kulle ranar 27 ga wata. A tsakanin nan gwamnonin Arewa suka amince da mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka kwashi yara cikin motoci masu cunkoso, tafiyar sa'o'i. Da aka gwada waɗanda suka isa Kaduna da Jigawa, aka samu gommai ɗauke da cutar. Manufar mayar da yaro gaban iyayensa tana da hujjojinta, amma lokacin da aka zaɓa shi ne mafi haɗari. Tsangaya kuwa, saɓanin kwalejin Greensboro, ba ta da rumbu. Cin almajiri na hannun maƙwabta ne, kulle kuma ya datse wannan hanya. Tsare su inda suke yana bukatar wanda zai ciyar da su, kuma wannan ne nauyin da aka gaza ɗauka.

5.0 Kammalawa

Misalan nan sun nuna abubuwa biyu. Na farko, hanyar yaɗuwar ciwo ita ke tantance matakin da ya dace: watsewa ta yi amfani a 1899 saboda cutar tana cikin rijiya, ta zama haɗari a 1918 da 2020 saboda tana cikin ƙirji. Na biyu, killacewa yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu. Wanda ya cuɗanya da mai ciwo ya bayar da 'yancinsa na 'yan kwanaki, al'umma kuma ta biya shi da abinci da magani da mutunci. Don haka shirin annoba a makarantun kwana da tsangayoyin ƙasar Hausa, da ma gidajen haya da baƙi ke cunkuso a birane irin Greensboro, ya kamata ya fara da amsa tambayoyi biyu tun ana zaune lafiya: a wane ɗaki za a ajiye wanda ya cuɗanya da mai ciwo, kuma wa zai kai masa tuwo?