Majalisar da Ta Ce Gani Ya Kori Ji

Ranar 28 ga Nuwamba, 1660, Christopher Wren ya gama laccarsa a Kwalejin Gresham da ke Landan, amma mutum goma sha biyu ba su watse ba. Cikinsu akwai Robert Boyle da John Wilkins, malamin coci. Suka yanke shawarar haɗuwa duk mako, kowa ya ba da sule guda, a riƙa gwada abubuwa a idon jama'a. Tushen majalisar masana da ake kira Royal Society ke nan.

Ingila ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba, yaƙin da addini da sarauta suka rura wutarsa har aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Mutanen nan sun ga inda gardama ke kai al'umma, sai suka bar rigimar aƙida da siyasa a bakin ƙofa. Imaninsu kuwa yana nan daram, domin Boyle ya ɗauki binciken halitta tamkar ibada. Sharaɗinsu ɗaya ne: komai girman malami, sai ya kawo hujjar da shaidu za su gani.

Sarki Charles na Biyu ya ba su takardar izini a 1662, kuma a shekarar aka ɗora wa Robert Hooke shirya gwaji a kowane zama. Shi ne ya leƙa ƙuma ta madubin ƙara girma, ya zana shi a littafinsa Micrographia na 1665, da gashin ƙafafunsa da sulken jikinsa, a shafi mai faɗi wanda sai an warware shi. A shekarar ce kuma magatakarda Henry Oldenburg ya fara mujallar Philosophical Transactions, wadda har gobe ake bugawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na Holan. Bai san Latin ba, harshen malamai. Ya aiko da wasiƙa cewa ya ga halittu masu rai cikin ɗigon ruwa. Ba a yi watsi da shi ba. Hooke ya duba da kansa, ya gani, a 1680 aka shigar da ɗan kasuwar cikinsu.

Rashin kuɗi ya sha kama su. Littafin kifayen da suka buga a 1686 ya cinye asusunsu, har sai da Edmond Halley ya biya daga aljihunsa aka buga littafin Principia na Isaac Newton a 1687. Newton ɗin ya karɓi shugabanci a 1703, ya riƙe har mutuwarsa a 1727. Mata kuwa sai 1945 aka buɗe musu ƙofa, da Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson.