Camfin Ɗan Ruwa da Larurar Shanyewar Ƙwaƙwalwa ga Yara a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora camfin ɗan ruwa a kan mizanin ilimin likitanci, inda ta nuna cewa illarsa ba ta tsaya ga tsangwamar yaro da mahaifiyarsa ba, domin yana kawar da hankalin al'umma daga musabbaban shanyewar ƙwaƙwalwa waɗanda za a iya kauce musu tun a ɗakin haihuwa.

Gabatarwa

Shanyewar ƙwaƙwalwa larura ce da ke hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa yadda ya kamata, sakamakon raunin da ƙwaƙwalwarsa ta samu yana ciki, ko lokacin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Raunin ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani, ya kuma bambanta da shan inna, wadda ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. Tun a 1861 likitan Ingila William Little ya danganta larurar da wahalar haihuwa, kuma a yau ana ƙiyasta cewa tana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000, adadin da ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Yadda Camfin Yake

Idan jariri ya wuce wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ya kai shekara bai zauna ba, yana dalalar da miyau, ƙafafunsa kuma suna sanƙarewa su harɗe kamar almakashi, sai a fara raɗe-raɗin cewa aljanu sun yi musaya, sun ɗauke ɗan mutum sun ajiye nasu, wato ɗan ruwa. Laifin yakan faɗa kan uwa, a ce ta yi wanka da almuru ko ta ratsa bakin rafi da tsakar rana tana da juna biyu. Daga nan ake shiga hayaƙi da yawon gidan boka, wasu kuma a ba su shawarar kai yaron bakin kogi domin ya koma wurin danginsa, abin da a haƙiƙa jefar da rai ne.

Ainihin Musabbabai

Manyan musabbaban larurar a wannan yanki sun haɗa da doguwar naƙuda wadda ke hana ƙwaƙwalwar jariri samun iska, da haihuwar bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da kuma shawarar jarirai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari kaɗai na haihuwa a Nijeriya aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba.

Shawara ta cancanci kulawa ta musamman, saboda tana bayyana ne a kwanakin da ke gabanin suna, lokacin da jariri ke lulluɓe cikin ɗaki mai ƙarancin haske, inda ba a lura da idonsa da fatarsa sun koma ruwan ɗorawa. Tana faruwa ne idan wani sinadari da ke fitowa daga rugujewar ƙwayoyin jini ya taru fiye da yadda hantar jariri za ta iya tace shi, wanda idan ya yi yawa sai ya ratsa ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kafur ɗin da ake sakawa cikin kayan jariri yana iya tsananta rugujewar jinin ga yaran da suka gaji rauni a ƙwayoyin jininsu. Alhali idan aka kai jariri asibiti da wuri, sanya shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske yakan wadatar.

Illar Tsangwama

Yaron da aka kira ɗan ruwa ana ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ya rasa gashin ƙashi a shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar horo, ya kuma rasa makaranta, duk da cewa da yawa daga cikin masu larurar basirarsu lafiya lau take, jiki da harshe ne ke gaza bayyana ta. Uwa kuwa takan haɗu da gorin dangin miji, wani lokaci har da mutuwar aure.

Kammalawa

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta shimfiɗa tushe, amma doka ba ta isa ɗakin mai jego sai ta bakin waɗanda ake jin maganarsu. Wajibi ne a horar da ungozomomi su duba idon jariri a hasken rana kullum kafin suna, su kuma gaggauta tura mace asibiti idan naƙuda ta tsawaita. Haka nan ya kamata limamai su bayyana a huɗuba cewa wannan yaro ɗan Adam ne mai cikakken haƙƙi, hukumomi kuma su kai sashen gashin ƙashi asibitocin ƙananan hukumomi, domin iyayen karkara su samu inda za su nufa.