Kurket na Mata: Daga Gasar Gida zuwa Kofin Duniya

A Agadas da wuya a sami yaron da ya taɓa riƙe sandar kurket, domin wasan ya bi sawun Turawan Ingila ne, mu kuwa Faransa ta yi mana mulki. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun san shi tun kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda ɗalibai irin su Ahmadu Bello suka buga shi. Sai dai makarantar ta samari ce zalla.

A can Ingila kuwa mata sun daɗe da shiga fage, don an rubuta labarin wasansu na farko a 1745. Kurket na asali yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa daga baya aka fito da salon ƙayyade jifa: kowane zagaye jifa shida ne, kowace ƙungiya tana da adadin zagayenta, a gama a yini guda. Da wannan salo Rachael Heyhoe Flint ta jagoranci matan Ingila suka ci Kofin Duniya na farko a 1973, shekaru biyu kafin maza su yi nasu.

Amma kofin duniya ba ya raya wasa sai da gasar gida. Ostareliya ta kafa gasar mata tsakanin jihohinta a 1996, kuma ita ce ta ɗauki kofin har sau bakwai. Ingila ta soma gasar gundumomi a 1997, sannan daga 2020 zuwa 2024 ta yi wata gasa mai zagaye 50 da sunan Heyhoe Flint. Nijeriya ma ta ɗanɗana: a Janairun 2025, a Maleshiya, ƴan matanta masu ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan da maki biyu kacal.

Mu ma mun san wannan hikima. Tun 1975 a Tawa ake gasar takobin kokowa, jiha bayan jiha, har Agadas ta karɓi baƙuncinta a 2023. Wannan haɗuwa ta kai a kai ce ta sa ɗan ƙauye ke zama gwarzon ƙasa. Saura ƴan matanmu. Ko wane wasa suka zaɓa, suna bukatar fili, da lokaci tsayayye, da kofin da makaranta za ta nema wurin makaranta. Malamai da ƙungiyoyi ne za su iya buɗe wannan ƙofa.